Ƙwallon Tsakiya

Na ji abin da ake faɗa a cikin dangi, kuma na san wasunku sun yarda da shi: wai ni da kawunku Manu, Allah Ya ji ƙansa, mun yi faɗa a Kaduna a kan wasan tanis, shi ya sa tun tasowarku ba ku taɓa ganin mun sa hannu a kwano ɗaya ba. Wannan magana ba ta da tushe, wanda ya ƙirƙiro ta ma na tabbata bai san ta inda ake riƙe raket, abin buga ƙwallon, ba. Sai kuma abin da ya faru bara a ɗakin da ya yi jinya, wanda ya sa babbar yayarku ta fita tana kuka, ta daɗe ba ta gaishe ni da sakin fuska ba. Ban yi mata bayani a lokacin ba, don bakina ba zai iya ba. Yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni wuri ɗaya, bari in faɗa muku yadda abin yake tun daga farko, wanda zai yi dariya ya yi, ba zan ji haushi ba.

A makarantar kwana muka haɗu, nan Birnin Kudu. Akwai wani tsohon filin tanis na siminti a bayan ɗakunan kwana, duk ya tsattsage, ciyawa na fitowa ta tsagun, ragar kuwa ɗinkin igiya ya fi asalin zarenta yawa. Ni ɗan gidan malamai ne, gajere mai kauri, kamar yadda kuke ganina. Shi kuwa daga Kwandiko ya zo, can ƙasar Gwaram, ɗan gidan masu shanu, dogo siriri, ƙafafu kamar ba za su ɗauke shi ba. Ranar farko da na gan shi a fili na ce masa Zalɓe, shi kuma bai ko numfasa ba ya ce mini Turmi. Sunayen nan suka bi mu har muka gama makaranta, har muka fara aiki, ni ina koyar da wasanni, shi yana malamin dabbobi, har muka kai ga buga wa jiharmu wasa. Ɗaki ɗaya muke kwana in an je gasa, kwano ɗaya muke ci, in ruwa ya ƙare a gorata sai in fizge tasa ba tare da na tambaya ba.

Sai na yi muku bayanin wasan bibbiyu, don kun fi sanin ƙwallon ƙafa. Mutum biyu ne a kowane ɓangaren raga, kowa da gefen da yake tsaro. Amma akwai tsakiya, tsakanin kafaɗarka da ta abokinka, wurin da ba na kowa ba ne. In ƙwallo ta taho nan, babu lokacin shawara, dole ɗaya ya buɗe baki kafin ƙiftawar ido ya ce tawa ce, ko ya ce taka ce, ɗayan kuma ya bi ba musu. A tsakaninmu ni ne mai bakin. Manu yana da hannu, in ya saki sabis, wato bugun buɗe wasa, sai ka ji kamar an fasa ice, yana da tsawon da babu ƙwallon da za ta wuce ta kansa, amma ba ya karanta wasa da sauri. Ni ba ni da tsawo, ba ni da wani ƙarfin hannu, sai ido da baki. Kuma bakin nan ba mai daɗi ba ne. Kauce, Zalɓe, sakaran banza! Koma baya, jaki! Haka nake masa tun daga farkon wasa har ƙarshe, shi kuma yana ramawa, yana cewa turmi ma ya fi ni gudu in aka mirgina shi. Mutane kan zo kallonmu don zagin kawai. Abin da ba su gane ba shi ne, zagin nan shi ne igiyar da ke jan ƙafar Manu. Da ya ji shi jikinsa ke motsawa tun kansa bai gama tunani ba.

To, kun san mahaifiyarku ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ina bin sa Kwandiko hutun kaka, ita ke kawo mana fura, ta ajiye ta ce a ba wa gajeren nan ludayi mai guntun mariƙi don kada ya wahala. Ta gama makarantar horon malamai a lokacin, bakinta kuma bai fi nawa sanyi ba. Shekarar da na furta ina son ta, mahaifinsu ya riga ya rasu, kuma Manu ne babba namiji a gidan. Da aka zo maganar wanda zai ba da aure, dattawan gidansu suka tura wa mahaifina tambaya, shi kuma ya ce ɗan'uwa shaƙiƙi yana da wannan haƙƙi. Saboda haka ranar ɗaurin aure, Manu ne ya zauna a kan tabarma a gaban liman, cikin babbar rigar mahaifinsa da ta yi masa yawa a kafaɗa, aka tambaye shi, ya ce ya bayar. Ina can gefe ina leƙe ta bayan mutane, ina jiran ya ɗago mu haɗa ido in yi masa gwalo. Bai ɗago ba.

Da yamma mahaifina, wanda duk gari ke kira Malam, ya kira ni zaure. Shi dama bai taɓa son gajeren wandon da nake sawa a fili ba, amma bai taɓa hana ni ba. Ya bar ni a durƙushe na ɗan lokaci yana gyara alluna, sannan ya ce:

"Wanda ya ba ka aure ya tsaya a matsayin uban matarka. Daga yau ka san yadda za ka riƙa tsayawa a gabansa."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ambaci tanis ba, ni ma ban kawo shi a raina ba. Na ɗauka abu ne na cikin gida: in na je Kwandiko in cire takalmi tun daga ƙofa, in durƙusa in gaishe shi, kada in kama sunansa, kada in ci abinci a gabansa. Na fara ce masa Yaya, shi kuma ya koma ce mini Malam, don su ma a gidansu kunyar mijin ƙanwa ba ƙarama ba ce, ballantana wanda kai ka ba shi auren da bakinka. Duk wannan bai yi mini nauyi ba. Ina ango, duniya ta yi mini daɗi.

Ba a daɗe ba saƙo ya zo cewa za a yi gasar ƙwararru a Kaduna, irin wadda 'yan wasa ke zuwa daga ƙasashen waje, kuma an ware mana gurbi a wasan bibbiyu na maza cikin guraben da ake bai wa 'yan gida. Wani mai horarwa da ya daɗe yana kallonmu ya faɗa mana a fili cewa in muka tsallake zagaye na biyu, zai tafi da mu wasanni a waje, mu biyu tare, don bai ga amfanin ɗayanmu shi kaɗai ba. Abin da muka yi shekaru muna mafarki ke nan a kan tsagaggen simintin nan. Muka koma atisaye, Manu na hawo babur daga Gwaram kullum da la'asar. Ranar farko ƙwallo ta taho tsakiya, na buɗe baki, sai na ji babu komai a ciki. Ta wuce. Muka dubi juna, kowa ya sunkuyar da kai, ya ce mini sannu Malam, na ce masa sannu Yaya. Wallahi da wani ya leƙo sai ya ce ta'aziyya muka zo yi.

Mahaifiyarku ce ta fara gane abin, don ta ga ina dawowa gida ba gumi sosai kuma ba surutu. Da na faɗa mata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce ita dai ba ta auri mutum biyu don ta kashe musu wasa ba. Bayan kwana biyu ta je gida, ta dawo da saƙo: wai in ji Yaya, a cikin fili babu suruki, in yi yadda na saba. Ku duba fa, mutumin da muke haɗuwa kullum da la'asar, sai da ya bi ta bakin ƙanwarsa, ta hau mota daga Kwandiko, kafin ya iya gaya mini in daina jin kunyarsa. Ni ma na mayar da amsa ta bakinta cewa na ji, na gode, zan yi. Ta ce daga yau kada wanda ya ƙara aiken ta, ita ba ɗan aike ba ce. Na gwada, Allah Ya sani na gwada. Nakan tsaya a banɗaki ina maimaita Zalɓe, Zalɓe, a hankali, ya fito sumul. Da na shiga fili na ga ƙeyarsa sai ya maƙale.

Muka tafi Kaduna a haka. Ban taɓa ganin fili irin wannan ba: jar ƙasa a daddaɓe, an share ta kamar tsakar gidan amarya, alƙali a kan doguwar kujera, ƙwallaye sababbi fil ana buɗe su daga gwangwani a gabanka. Masaukin ma matsala ya zama, don ɗaki ɗaya aka ba mu, ni kuwa ba zan kwanta a gaban surukina ba, sai na kai tabarmata wurin wasu 'yan wasan Kano. Wasan farko da 'yan gida irinmu muka yi, sabis ɗin Manu kaɗai ya ishe su, muka wuce ba tare da na ce uffan ba. Har na fara gaya wa kaina wataƙila za a iya yi da shiru.

Zagaye na biyu aka haɗa mu da wasu Turawa biyu. Ɗayan saurayi ne mai ƙarfi, ɗayan kuwa ya manyanta, gemunsa ja, ba ya gudu sosai, sai kallo. Da farko mun ba su wuya, don ba su taɓa cin karo da hannun Manu ba. Amma mai jan gemun nan tsohon hannu ne. Sau ɗaya ƙwallo ta bi ta tsakiyarmu muka bar wa juna, na ga ya tsaya ya ƙura mana ido. Ya je ya rufe baki da ƙwallo ya raɗa wa abokinsa magana. Daga nan ba su ƙara neman gefe ba. Tsakiya, tsakiya, tsakiya. Wata mu bar ta ta wuce, wata mu kai mata tare raket ya doki raket, mu tsaya muna ba juna haƙuri. 'Yan kallo, waɗanda da yawansu sun san mu tun da, suka fara kira daga kan benci, wai Turmi yau azumin magana kake yi? Suka cinye zubin farko. A na biyu Manu ya riƙe mu da ƙarfin tsiya, duk sabis ɗinsa sai ya ci, har muka zo kusa da ƙarshe ba su tsere mana da nisa ba.

Aka ba da hutun canjin gefe. Da, a irin wannan hutu, kafaɗa da kafaɗa muke zama ina zazzaga masa abin da zai yi. Ran nan ina can ƙarshen benci, shi yana wancan ƙarshen, jakunkunanmu a tsakani. Ya lulluɓe kansa da tawul, ina jin don kada ya ga fuskata ne. Daga cikin tawul ɗin na ji ya ce:

"Turmi."

Rabon da in ji sunan nan a bakinsa tun kafin ɗaurin aure. Na ce, "Na'am, Yaya."

"Don girman Allah ka zage ni. Ko sau ɗaya ne."

Na ce masa to. Kuma da gaske nake, na tashi daga bencin nan da niyyar in ƙwallo ta ƙara zuwa tsakiya sai duk Kaduna ta ji bakina. Muka koma, aka yi ta fafatawa, har aka zo inda in suka ci ɗaya wasa ya ƙare. Mai jan gemu ya karɓi sabis, ya turo ta a hankali, ba ƙarfi, daidai tsakaninmu. Na gan ta tun daga raket ɗinsa. Ta Manu ce, taku ɗaya zai yi ya kashe ta, abin da yake jira kawai a tashe shi. Kalmar ta taho har maƙogwarona. Sai idona ya sauka a kan kafaɗarsa, na tuna ta cikin babbar rigar nan da ta yi masa yawa, yana zaune gaban liman yana ba ni ƙanwarsa. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne:

"Bismillah, Yaya."

Kamar mai miƙa masa shimfiɗa. Shi kuwa ɗan gidan tarbiyya, an yi masa bismillah, sai ya ɗan dakata kamar yadda ake yi. Dakatawar nan ta isa. Ƙwallon ta wuce ta tsakaninmu, ta faɗa cikin layi, ta yi tsalle ta tafi abinta. Muka je raga muka gaisa da Turawan, mai jan gemun ya dafa kafaɗata ya faɗi wata magana da ban tsaya saurara ba. A motar dawowa Manu ya zauna gaba, ni a baya. Da muka iso Birnin Kudu na sauka, na zagayo ta tagarsa na rusuna na ce a sauka lafiya, a gaida Inna. Ya ce za ta ji. Faɗan da ake ce muku mun yi a Kaduna ke nan, babu ƙari babu ragi.

Na yi kwanaki abin na cina. Daga baya na je wurin Malam mahaifina na tambaye shi ko addini ne ya ɗora mini wannan. Ya ce a'a, shari'a ba ta hana mutum raha da yayan matarsa ba, al'ada ce kawai, in zan iya ajiye ta a bakin fili in ɗauka in na fito, babu laifi a kaina. Sannan ya dube ni ya ce, amma za ka iya? Ni kuwa na riga na ga amsar a Kaduna. Mahaifiyarku ta yi fushi sosai, fushin da ban taɓa gani ba. Ta ce mu biyun nan mun mayar da ita katanga, kuma ba wanda ya tambaye ta ko tana son zama katangar. Tana da gaskiya. Mai horarwar nan ya aiko cewa zai gwada kowannenmu da wani abokin wasa. Ni na ce na gode, na rataye raket a bayan ƙofa. Manu ya gwada da wani yaro daga Jos na ɗan lokaci, sannan ya dawo wurin shanunsa da allurar dabbobi. Ya gaya wa mahaifiyarku cewa yaron ya iya wasa, amma ladabinsa ya yi yawa.

Kada ku ce na yi nadama. Da za a mayar da ni baya a ce in zaɓa, mahaifiyarku zan sake zaɓa, ku ma ba zan ba da ko ɗayanku don kofi ba. Fita waje ma ba ita ta fi yi mini ciwo ba, wataƙila da mun je an kore mu a zagayen farko. Abin da ya yi mini ciwo shi ne na yi rashin abokina alhali yana raye, yana zuwa sunan kowannenku da rago, yana zama a zaurena ina durƙushe muna tambayar juna ya iyali, ya shanu, ya ruwa. Shekaru fiye da talatin muna wannan gaisuwa. In na ga wani abin dariya a hanya, shi nake fara tunawa, sai in adana, in mun haɗu kuma in ce masa ya gajiya. Ya girmama ni, na girmama shi, ba mu taɓa saɓawa ba ko sau ɗaya. Amma na yi kewarsa, kewa mai tsanani, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Bara da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi aka kawo shi asibiti nan Birnin Kudu, kun san yadda ya koma. Ya daina magana, ya daina karɓar abinci, ido a rufe. 'Ya'yansa su kira Baba, shiru. Ku ku kira Kawu, shiru. Ranar da nake ba ku labari da hantsi ne, ɗakin cike, ga babbar yayarku, ga 'ya'yansa maza, ga mahaifiyarku riƙe da kwanon fura ta rasa yadda za ta yi. Na durƙusa a gefen gado na ce sannu Yaya, ya jiki. Ko motsi bai yi ba. Sai mahaifiyarku ta ajiye kwanon a kan gado tsakanina da shi, ta dube ni ta ce:

"Ba haka ba. Kira shi."

Na ce mata ai na kira. Ta ce na san abin da take nufi, kuma ta gaji da jira. Na dubi ɗakin, duk 'ya'yanmu ne, waɗanda ba su taɓa jin na ɗaga murya a gabansa ba. Na dubi ƙafafunsa da suka zarce ƙarshen gadon, sun rame sun koma yadda na fara ganinsu a bayan ɗakunan kwana. Na miƙe tsaye. Ban san daga inda muryar ta fito ba, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo:

"Kai Zalɓe, sakaran banza! Tashi, taka ce!"

A nan ne yayarku ta fita da kuka, 'ya'yansa suka daskare. Da ta ƙara ɗan haƙuri da ta ga abin da na gani. Idonsa ya buɗe. Ya nemo ni a hankali har ya same ni, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Maganar ta fito a karkace, amma ni da mahaifiyarku mun ji ta sarai:

"Sai yanzu, Turmi? Ai an riga an cinye mu."

Na ce masa na sani. Na zauna a bakin gadon, na ɗauki ludayin na fara sha a gabansa, sannan na cika na kai bakinsa, ya karɓa.